Daidaita Ƙarfin Tiransimita Kafin a Haɗa Ta da Amfilifaya

A Gangara da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Jibiya, shingen kan iyaka yana tsayar da mota da kaya, amma ba ya tsayar da igiyar rediyo. Abin da aka watsa daga ɓangaren Nijeriya kan isa Ɗan Isa ko Maraɗi cikin ƙiftawar ido. Saboda haka ne dokokin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, mai mazauni a Janiba, suka wajabta wa kowace tasha ta yi amfani da ƙarfin da ya ishe ta aiki kawai.

Tiransimita ita ce ke haifar da sigina, amfilifaya kuwa ninka shi take yi. A ɗauka cewa amfilifaya mai wat 500 tana ninkawa sau goma, wato desibel 10. Wat 50 ya ishe ta. To, ga tiransimitar gajeren zango mai wat 100. Idan aka sakar mata dukkan ƙarfin nan, ba za ta ba da wat 1,000 ba. Sai ta kai iyakarta, ta datse kawunan igiyar, murya ta shaƙe, sigina ya fantsama kan mitocin maƙwabta. A kan iyaka kuwa, maƙwabcin yana iya zama tashar wata ƙasa. Rarar ƙarfin ta koma zafi a cikin tiransisto, alhali a watan Afrilu iskar yankin kanta takan kai digiri 40.

Abin takaici, ribar da ake haƙilo a kanta ba ta taka kara ta karya ba. Ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 ne kacal, rabin mataki ɗaya a ma'aunin siginar mai saurare.

Yadda ake yi shi ne, a fara haɗa amfilifaya da jakin gwaji mai om 50, wanda ke shanye ƙarfi maimakon eriya. A sauke ƙarfin tiransimita ƙasa, sannan a riƙa ɗagawa sannu a hankali ana duban ma'aunin wat. Muddin abin da ke fita yana ƙaruwa daidai da abin da ke shiga, ana kan hanya. Da zarar allura ta fara nawa, an zo bakin iyaka, sai a ja baya kaɗan.

Akwai wayar ALC, wadda amfilifaya ke mayar da lantarki ta cikinta domin tiransimita ta sassauta. Kariya ce, ba madogara ba, domin sai ɓarna ta soma take farkawa. Wasu tiransimitocin ma kan yi tsalle zuwa cikakken ƙarfi na ɗan lokaci ƙanƙani da an danna makirfo, ko da an rage su. Maganin wannan shi ne a sa maragin ƙarfi mai desibel 3 a tsakani, wanda zai mayar da wat 100 ya zama 50 kafin ya isa amfilifaya.