Mura da Aikin da Take Yi a Cikin Hanci

Tun kafin gari ya waye, bakin titin Masaka ya cika da masu jiran mota. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma abincin mutanensa da yawa a Abuja yake. Sai a cusu a bas, a rufe tagogi saboda sanyin hunturu, a kama hanyar Mararraba da Nyanya, inda cunkoso kan riƙe mota har rana ta ɗago. Cikin wannan matsi wani ya yi atishawa. Bayan kwana biyu na kusa da shi ya tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro, hanci na zuba, yana cewa sanyi ne ya shige shi.

Abin da ya shige shi ƙwayar cuta ce, irin wadda likitoci ke kira bairos. Wadda ta fi kawo mura ita ce rainobairos, wato bairos ɗin hanci, wadda Winston Price na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya gano a 1956. Iri-irinta sun haura 160, shi ya sa mutum kan warke daga wata ya faɗa hannun wata. Don tsabar ƙanƙanta, sai an jera fiye da 30,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya.

Cikin hanci shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi ƙanana, waɗanda ke tura majina da ƙura zuwa maƙogwaro dare da rana. A jikin ƙwayoyin akwai wani maƙali da masana suka laƙaba wa ICAM-1, kuma a 1989 aka tabbatar nan ne yawancin rainobairos ke kamawa. Da ta maƙale, ƙwayar halitta da kanta take haɗiye ta. A ciki sai baƙuwar ta tuɓe rigarta, ta saki ɗan zaren da ke ɗauke da umarnin yadda ake ƙera irinta.

Wanda ya san gidan buga bulo zai gane sauran. A ce baƙo ya shigo ya yaga takardar aikin mai gida, ya miƙa wa leburori tasa, su kuwa suka ci gaba da aiki da yashi da simintin mai gida suna buga masa kaya. Haka bairos ke yi: tana da wani sinadari da ke datse hanyar da ƙwayar halitta ke karanta umarninta na asali, injin ya koma buga sababbin bairos. Cikin awa 8 zuwa 10 sun fara fitowa suna kama maƙwabta.

To, a nan ne abin mamaki yake. Da masana suka duba fatar cikin hancin masu mura, sun tarar ƙwayoyin da suka kamu 'yan kaɗan ne, shimfiɗar kuma ba ta yi wata mummunar lalacewa ba, saɓanin mura mai tsanani ta infuluwenza wadda ke kashe ƙwayoyin hanyar numfashi da yawa. Ashe yawancin wahalar daga yaƙin da jiki ke yi take fitowa. Ƙwayar da ta kamu takan yi kururuwa da sinadarai. Wani, intaferon, yana gargaɗin maƙwabta su shirya. Wani sinadarin da jiki ke samarwa a wurin, biradikinin, yana buɗe jijiyoyin jini har ruwa ya riƙa tsattsafowa, ga yoyon hanci ke nan, kuma yana taɓa jijiyoyin jin zafi, ga ciwon maƙogwaro. Toshewar hanci ma yawanci kumburin jijiyoyin jinin ne, shi ya sa fyace majina ba ya buɗe shi. Sannan fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi zuwa wurin, ɗauke da wani sinadari mai launin kore, majina ta yi kauri ta canja kala.

Wannan koriyar majina ita ke kai mutane kemis neman kafso. Asarar kuɗi ce. Antibayotik irin su amoksisilin bakteriya suke kashewa, babu abin da suke yi wa bairos, sai dai su koya wa bakteriyar jiki taurin kai, ranar da ake buƙatarsu su ƙi aiki.

Sanyi fa? A Salisbury ta Ingila an yi wata cibiyar binciken mura wadda ta fara aiki a 1946 ta shafe fiye da shekara 40. Can an taɓa sa 'yan sa-kai tsayuwa a iska da jiƙaƙƙun kaya, amma waɗanda ba a ɗiga wa ƙwayar cutar ba, ba su kamu ba. Duk da haka tsofaffinmu da ke ɗora wa sanyi laifin mura ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Rainobairos ta fi hayayyafa a ɗumin digiri 33 zuwa 35, irin na cikin hanci, kuma a 2015 ƙungiyar Akiko Iwasaki ta Jami'ar Yale ta nuna, a ƙwayoyin ɓera, cewa gargaɗin intaferon yana raunana idan wuri ya yi sanyi. A haɗa da ƙurar hunturu mai busar da hanci, da rufaffiyar mota.

Mura kan yi tsanani a kwana na biyu ko na uku, ta sake mutum cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tari kan jima. Hutu, ruwan ɗumi, shayin citta da lemun tsami, da farasitamol don ciwon kai sun wadatar. Zuma na sassauta tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. A riƙa wanke hannu da sabulu, domin daga hannu zuwa hanci ko ido cutar ke yawan bi.

Idan zazzaɓi ya yi zafi, a yi gwajin maleriya. Yaron da numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya yana tsakanin wata 2 da shekara guda, ko 40 yana tsakanin shekara 1 da 5, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.