Kiwon Injin Niƙa

Injin niƙa kamar doki ne. Wanda ya ke so ya hau kullum, tilas ya yi kiwo kullum. Ran da inji ya tsaya, mai shi ba ya samun ko kwabo, mata kuwa su kwashe ƙoransu su tafi wurin wani, watakila ba su komo ba har abada.

Babban abin da ke kashe inji uku ne: rashin mai, da rashin ruwa, da ƙura. Injin Lister, wanda aka yi ta ƙerawa a garin Dursley na Ingila har shekarar 1987, da irinsa da a ke yi a Indiya, ruwan ganga ke sanyaya su. Ruwan zafi ya kan hau ta bututun sama ya zuba cikin ganga, mai sanyi ya sauko ta na ƙasa. To, in ruwan ganga ya kasa kai bakin bututun sama, zagayawa ta tsaya ke nan, ko da ya ke ganga ba ta ƙafe ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai kan inji ya tsage su ce maƙiya ne. Saboda haka kowace safiya, kafin ka tā da shi, duba ruwa, duba baƙin mai, ka ɗaure notin da ya kwance.

Sa'an nan duwatsun niƙa, watau farantan ƙarfe biyu da ke murƙushe hatsi. In haƙoransu sun cinye, sai mai inji ya yi ta matse su don gari ya yi laushi. Wannan kuskure ne. Ƙarfe ya kan goge ɗan'uwansa, garin ƙarfe ya shiga tuwon mutane, man gas kuma ya ƙare da sauri. A cire su a kai a wasa. Kada kuma ka bar su suna juyawa a matse babu hatsi a tsakani.

Mai hankali ya kan ajiye faranti biyu wasassu, da bel, da boris, tun ba su lalace ba, balle in garinsa na nesa da kasuwar kayan gyara. Manyan ma'aikatu ma, irin ta Apapa a Ikko wadda ta fara niƙa alkama a 1962, haka su ke yi. Su kan tsai da inji da gangan a ranar da suka zaɓa, su gyara shi, su kuma sa maganaɗisu a hanyar hatsi don ya kama ƙusa.

Ƙurar gari kuwa wuta gare ta. A 1878 ta kama a wata ma'aikatar niƙa a Minneapolis ta Amurka, ginin ya fashe, mutum 18 suka mutu. Share ɗakin inji kowace maraice, kada a shiga da fitilar aci-bal-bal ko taba, kada kuma ka kusanci bel da babbar riga.