Yadda Ake Daidaita Keken Tsere da Jikin Mahayinsa

Wani malamin hakimi ya taɓa kawo mini kuka a kan kekensa. Ya ce likita ne ya umurce shi ya riƙa motsa jiki, gama zaman ofis ya sa ya yi teɓa, jininsa kuma ya fara hawa. Sai ya tara kuɗi ya sayi keken tsere, irin mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Bai yi mako biyu yana hawa ba gwiwa ta kama shi da ciwo, wuya ya ƙage, ƙananan yatsunsa biyu suka riƙa mutuwa. Ya jingine keken a zaure, ya ce ya bar shi ke nan. Da na je na duba, sai na tarar sirdin yana nan inda mai kanti ya bar shi, can ƙasa, kamar don yaro aka ɗaura, alhali kuwa malamin dogo ne.

Ranku ya daɗe, ku da kuka san doki ba sai an yi muku dogon bayani ba. In igiyar likkafa ta gajarce, gwiwa ta ƙage tun ba a yi nisa ba. In kuwa ta cika tsawo, mahayi ba ya samun zama. Haka keke yake, har ma ya fi, domin mai keke yakan lanƙwasa gwiwarsa ya miƙe ta wajen sau dubu biyar cikin sa'a guda, saboda haka kuskure kaɗan a wurin awo yakan zama babban ciwo. Tsohon keke irin na Raleigh, wanda ake zama a miƙe a kansa, yana da haƙuri da mai shi. Keken tsere ba shi da wannan haƙuri, gama a kansa nauyin mutum a rabe yake wuri uku, watau sirdi da feda da kan keke, in ɗaya ya kauce sai sauran biyun su ɗauki wahalar.

Tsayin sirdi

Wannan shi ne tushen aikin, da shi kuma ake farawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ta diddige. A tsai da keke kusa da bango, mahayi ya hau ya dafa bangon, ya ɗora diddigensa a kan feda, ya juya ta baya har ta kai ƙarshen ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak, ba tare da ya karkata ƙugunsa don ya kai ba, to, an yi kusa da daidai. Sa'ad da ya koma tuƙi da gaban tafin ƙafa, watau tudun nan da ke gindin babban yatsa, zai ga gwiwar ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Abin da ake nema ke nan. Masu auna 'yan tsere sukan so lanƙwasar ta tsaya tsakanin digiri 25 da 35.

Ga malamai masu son lissafi akwai wata hanya. Mutum ya tsaya ba takalmi, ya jingina bayansa da bango, ya sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinsa, ya tura shi sama kamar yana zaune a kan sirdi. Wani ya yi alama a bango daidai saman littafin, a auna daga ƙasa zuwa alamar. Sai a ninka abin da aka samu da 0.883. Amsar ita ce nisan da ya kamata a bari daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi. Ana kiran wannan awo da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci babbar tseren keke ta ƙasar Faransa sau uku, a 1986 da 1989 da 1990. Misali, wanda tsawon ƙafarsa ya kai santimita 80, sai ya ɗaura sirdinsa a kan santimita 70.6.

Tun kafin wannan, a 1967, waɗansu masu bincike biyu a Ingila, Hamley da Thomas, sun fitar da nasu awon. Su sun ce a ninka tsawon ƙafa da 1.09, amma a auna daga feda tana can ƙasa zuwa saman sirdi. A wurin mutuminmu mai santimita 80 amsar ta zama 87.2. In aka ɗauki 70.6 na farko aka ƙara masa tsawon ƙarfen feda, wanda yawanci santimita 17 ne, za a sami 87.6. Kun ga ashe hanyoyin biyu sun kusa haɗuwa.

Amma fa lissafi mafari ne kawai, jiki shi ne alƙali. In ciwo ya fito a gaban gwiwa, galibi sirdi ya yi ƙasa. In a bayan gwiwa ne, ko kuwa wanda ke biye da mahayi ya ga ƙugunsa yana rangaji dama da hagu, sirdi ya yi sama. Kada a gyara da yawa a tashi ɗaya. A ɗaga ko a sauke kamar rabin santimita, a hau kwana uku ko huɗu, sa'an nan a sake dubawa. Malamin nan da na ambata sai da muka ɗaga nasa wajen santimita biyar, amma a hankali muka yi, cikin mako uku, ciwon gwiwar kuwa ya tafi. Abu guda lalle a kiyaye: a jikin ƙarfen da ke riƙe da sirdi akwai zane da maƙera suka yi, kada a zaro shi har zanen ya fito fili, don yana iya karyewa da mutum a kai.

Kwanciyar sirdi da kan keke

Sirdi a kwance yake so ya zauna, hancinsa bai kalli sama ba, bai kalli ƙasa ba. In hancin ya ɗaga, yakan danne gaban mutum har wurin ya mutu, wannan kuwa ba abin da za a yi shiru a kai ba ne don kunya. In ya sunkuya, mahayi ya yi ta zamewa gaba yana tokare kansa da hannu. Ana kuma iya tura sirdi gaba ko baya. A daidaita fedoji su kwanta, ɗaya gaba ɗaya baya, a saki zare mai ɗan dutse daga gaban gwiwa. In zaren ya sauka kusa da tsakiyar feda, an sami wurin farawa. Mutane da yawa suna tsammani sirdi mai taushi kamar katifa shi ya fi. A ganina faɗinsa ya fi taushinsa muhimmanci, domin ƙasusuwan zama biyu su ya kamata su ɗauki nauyi.

Game da kan keke, sabon mahayi kada ya kwaikwayi 'yan tsere da yake gani sun kwanta a kan keke kamar za su sumbaci taya. Waɗannan sun yi shekaru suna horad da bayansu. Shi ya bar kan kekensa daidai da tsayin sirdi, ko ƙasa da shi kaɗan. In ya kama, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗu su sake, yatsu su kai ga birki ba da miƙa ba. Faɗin kan ya yi daidai da faɗin kafaɗunsa. Mutuwar ƙananan yatsu kuwa daga danne wata jijiya ce da ta bi ta gefen tafin hannu, maganinta shi ne a rage nauyin da ke kan hannu, a kuma riƙa sauya wurin kamawa. Don haka ne ma aka lanƙwasa kan, ya ba da wurin riƙo uku.

Duk wannan gyara ba ya ceton keken da tun asali ya yi wa mutum girma. Kafin a biya kuɗi, a tsaya a kan sandar keken, ƙafa biyu a ƙasa. In babu ratar yatsa biyu tsakanin sanda da jiki, a nemi wani.

Hawa don lafiya

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane baligi ya motsa jiki matsakaicin motsi na minti 150 zuwa 300 a mako. Rabin sa'a sau biyar a mako ya kai mutum ga mafarin wannan. Irin wannan motsi yana taimakawa wajen rage hawan jini da tsare mutum daga ciwon sukari da ciwon zuciya. Keke kuwa ya dace da mai jiki da mai shekaru, gama sirdi ne ke ɗauke da nauyi, gwiwa ba ta shan dukan da take sha wajen gudu. Sai dai ba ya ƙarfafa ƙashi kamar yadda tafiya a ƙasa ke yi, saboda haka kada a bar tafiya don an sami keke.

Matsakaicin motsi shi ne wanda numfashi zai ƙaru amma mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa. In magana ta gagara, an wuce gona da iri. Kuskuren da na fi gani shi ne sa giya mai nauyi ana dannawa da ƙarfi, wai shi ne jarumtaka, alhali gwiwa ake ci. Gara giya mai sauƙi, ƙafa tana juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. A ƙirga juyin ƙafa ɗaya cikin daƙiƙa 15, a ninka da huɗu.

Wanda ya daɗe bai hau ba ya fara da minti 15, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako. Mai ciwon zuciya, da wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri in ya yi aikin ƙarfi, ya ga likita tukuna. Da bazara a fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, a tafi da ruwa, a sha tun ƙishirwa ba ta matsa ba. Da hunturu kuwa hazo yakan ɓoye mai keke ga direba, sai a sa tufa mai haske, a kunna fitila gaba da baya, a kuma sa hular kwano kowane lokaci. Ƙura tana cin sarƙa, a riƙa goge ta ana ɗiga mata mai kaɗan.

In an dace da awon da jiki ya karɓa, malam ya ɗauki alƙalami ya rubuta abu uku a littafinsa: tsayin sirdi, nisan hancin sirdi zuwa kan keke, da ratar da ke tsakanin tsayin sirdi da na kan. Ya kuma naɗa ɗan tef a jikin ƙarfen sirdin, domin ran da mai gyara ya kwance keken, ko yaran gida suka sauke sirdi don su hau, ya mai da kome wurinsa cikin minti biyar.