Muƙamuƙina Na Ƙara Idan Ina Tauna

Tambaya: Muƙamuƙina na yin ƙas-ƙas idan ina tauna, da safe da ƙyar nake buɗe baki. Ina mafita? Daga wata baiwar Allah, Tarauni.

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Ɗora yatsa gaban kunnenki, ki buɗe baki. Gaɓar da ke motsin nan ce ta gaji. Cizon haƙora cikin barci da yawan damuwa kan jawo haka. Ki dakata da goro, rake, aya da cingam, ki koma kunu da fate. Riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ki tallafi haɓa lokacin hamma. Idan bakin ya kulle ko ciwon ya ƙi lafawa, garzaya sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi. Kada ki yarda a ja shi da ƙarfi a gida.