Darasin Jinƙai: Karen Da Ƙafafunsa Suka Shanye

Karatu: Misalai 12:10

'Yan'uwa, kare yakan kwana yana tsaron gidanmu. Amma ran da mota ta buge shi a baya, har ƙafafunsa suka shanye, me za mu yi? Waɗansu sukan yashe shi a juji. Ayar karatunmu tana koya mana cewa ana gane adali har ta wurin yadda yake riƙon dabbarsa. Bari mu koyi aiki guda wanda zai ceci ran irin wannan kare.

1. Dalilin. Cikin ƙashin baya akwai laka, ita ce ke kai saƙo zuwa mafitsara. Sa'ad da laka ta ji ciwo, mafitsara takan cika, amma kare ba ya iya yin fitsari da kansa. In ka ga fitsari yana ɗiga, kada ka ce ya yi, gama ambaliya ce kawai ta abin da ya cika. Fitsarin da ya daɗe a ciki yakan kawo cuta, ta hau har ƙoda, ta kashe shi.

2. Gargaɗi. In ba wani rauni, amma kare ya shanye, yana dalalar miyau, halinsa kuma ya sāke, kada kowa ya taɓa shi. Mai yiwuwa ciwon haukan kare ne, wanda yake kashe mutum. A kira likitan dabbobi. Ko rauni ne ma, sai likita ya duba, ya nuna maka aikin da hannunsa tukuna.

3. Yadda ake yi. Ka kwantar da karen a gefe guda bisa buhu, ka yi masa magana a hankali. In yana jin zafi, a sa masa takunkumi. Ka sa tafin hannunka biyu a mararsa, gaban cinyoyi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Za ka ji mafitsara kamar 'yar salka cike da ruwa. Ka matsa sannu sannu wajen wutsiya, ba da fizga ba, har fitsari ya daina zuba. Ka dakata kaɗan, ka sāke. A yi haka sau 3 ko 4 kowace rana. In ya ƙi fita, kada ka sa ƙarfi, domin mafitsara tana iya fashewa. Ka kai shi wurin likita ran nan, ya zuƙe da siririn bututu.

4. Tsabta. Ka wanke inda fitsari ya taɓa, ka share ya bushe. Ka riƙa juya shi bayan awa 4 zuwa 6 saboda gyambo. Kada ka rage masa ruwan sha. In ka ga jini, ko fitsari ya yi kauri da ɗoyi, ko ya ƙi abinci, sai likita. Ka wanke hannu da sabulu kullum.

Waɗansu karnuka sukan warke bayan makonni, waɗansu kuwa sai an taimake su muddin ransu. Aikin ba shi da daɗi, kare kuma ba zai ce na gode ba. Amma yaran da suka ga ubansu ya durƙusa domin kare, ba za su ƙyale kakarsu a kan tabarma ba.

Tambayoyi: Don me ɗigar fitsari ba alamar lafiya ba ce? Yaushe ne bai kamata a taɓa karen ba? Wane marar ƙarfi ne Ubangiji ya sa a hannunka?