Malama Ruth Kiew da tsirran duwatsu

Yara, kun san simintin Malbaza. Da dutsen farar ƙasa ake yin shi. Akwai irin wannan dutse a Malesiya, wata ƙasa ta Asiya mai yawan ruwan sama. A can duwatsun dogaye ne, suna tsaye ɗai-ɗai cikin kurmi.

Wata malama ta yi shekaru da yawa tana binciken tsirran waɗannan duwatsu. Sunanta Ruth Kiew. An haife ta a Ingila a 1946. Ta yi karatun ilimin tsirrai a jami'ar Kambirij. Daga 1972 zuwa 1997 ta koyar a jami'ar aikin gona ta Malesiya. Sannan ta koma Singafur, ta riƙe babban ɗakin ajiyar busassun tsirrai. A 2005 ta fitar da littafi a kan begoniya, wani tsiro mai son inuwa da laima.

Ga yadda aikin yake. A hau dutse, a tsinko ganye da fure. A danne su tsakanin takardu har su bushe. A rubuta wurin da ranar. Sannan a gwada su da tsirran da aka riga aka sani. In tsiron sabo ne, a raɗa mashi suna. Tsirran da Malama Ruth ta raɗa wa suna sun fi 100.

Don mi tsirran duwatsu suka bambanta? Zama a kan dutsen farar ƙasa da wuya. Ƙasar ba ta da zurfi, ruwa kuma yana tsiyayewa nan da nan. Tsiron da saiwarshi ke shiga tsaga, shi ke rayuwa. Wani yana naɗe ganyenshi lokacin fari, ya buɗe in ruwa ya sauka. Wanda ya rayu shi ke barin iri, ƴaƴanshi su gaji halinshi.

Kowane dutse kamar tsibiri yake. Irin waɗansu tsirrai ba ya zuwa nesa. Tsirran wannan dutse ba sa haɗuwa da na wancan. A kwana a tashi, bayan dubban shekaru, sai su zama iri dabam. Shi ya sa akwai tsiron da ba a samun shi ko'ina a duniya sai a dutse guda.

Amma masu yin siminti suna fasa waɗannan duwatsu. In an cinye dutse, tsironshi ya tafi ke nan har abada. Malama Ruth ta nemi a san abin da ke kan dutse kafin a fasa shi, a kuma bar duwatsun da tsirransu ba su da na biyu.

Tambayoyi
1. Da wane dutse ake yin siminti?
2. Shekara nawa Malama Ruth ta koyar a Malesiya?
3. Don mi aka ce dutse kamar tsibiri yake?

Aiki
Ku samo ganye ɗaya daga fadama, ɗaya daga wuri mai duwatsu. Ku busar da su cikin takarda, ku faɗi bambancinsu.