Darasi Ga Direbobi Da Makanikai: Sanya Shokozoba Na Baya

Direban da ke zirga-zirga daga Minna zuwa Bida, ko Suleja, ko Kwantagora, ya san bayan mota ne ke shan wuya, balle idan an dawo daga kasuwar Paiko ko Gwada an cika but da doya. Abin da ke riƙe tayar baya ta lafe a kan titi shi ne shokozoba. Idan ya mutu, tayar tana tsalle, birki kuwa ba ya kama tayar da ke iska.

A tsohuwar Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shokozoba daban, sifirin daban. Amma a yawancin Toyota Camry da ke kan titunanmu, an sarƙa su wuri guda, sifirin yana kewaye da shokozoba. A nan haɗarin yake.

Da farko a tsai da mota a wuri mai tauri, a sa waigi a tayoyin gaba. A ɗaga da jak, sa'an nan a tokare da ƙarfen tokara. Kada wani ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A cire taya, a kwance maƙalin tiyon birki don kada ya tsinke, a kwance kusoshi biyu na ƙasa, kana notuna uku na sama, waɗanda ke ɓoye bayan kujerar baya.

To, a yi hattara da babban noti na tsakiya. Shi ke danne da sifirin. Wanda ya kwance shi ba tare da ya matse sifirin da ƙarfen matsewa ba, sifirin zai ɓalle da ƙarfin da ya isa ya karya haƙarƙari ko ya fasa kai. Ɗaure shi da igiya ko waya, kamar yadda wasu ke yi a gareji, ganganci ne tsantsa. Kuma ba aikin yaron da ya fara koyo jiya ba ne.

Wajen mayarwa, a fara maƙala notunan sama sako-sako, a daidaita ƙasa, sa'an nan a ɗaure duka gwargwadon awon da littafin motar ya faɗa.

Mai mota, kada ka yi tsumulmula: hagu da dama ake canjawa tare, domin sabo da tsoho ba sa tafiya daidai a kwana. Bayan an gama, a kai motar a auna saitin tayoyi kafin a ɗauki fasinja.